Wasan FTL: inda ya burge ni da inda ya ci amanata

Daren Lahadin da ta wuce a ɗakinmu na Agege, an ɗauke wuta tun bayan la'asar, cajin laftof ɗina ya fara ja da baya, ni kuma ina shiyya ta shida a FTL, wasan kwamfuta na tuƙa jirgin sararin samaniya, da jirgin da na kwashe kusan awa biyu ina lallaɓawa. Sai makami mai linzami ya faɗo mini a ɗakin da ke samar da iskar numfashi, gobara ta tashi nan take. Na dakatar da wasan ina kallon allo, ƙanena yana zaune a gefena yana cewa "Yaya buɗe ƙofofin waje kawai iska ta fita wutar zata mutu", kuma gaskiyarsa ce, in ka buɗe ƙofofin jirgi iskar ɗakin ta zuƙe gobara bata da abin ci. Matsalar ita ce injin iskar kansa ne ya lalace, in na zubar da wadda ta rage ba wata da zata dawo sai an gyara shi, kuma wanda zai shiga ya gyara zai shiga ɗakin da babu numfashi ne. Na zaɓi makanikena na tura shi. Ya gyara, ya fito yana hanyar ɗakin magani wani harbin ya same shi ya mutu. Sunan wani abokina na ƙuruciya na sa masa tun farkon tafiya, wallahi sai da naji wani abu ya tokare min ƙirji.

To wannan shine dalilin da yasa nake son yin magana kan wasan nan, domin a wajen da nake aiki, wato Computer Village a Ikeja, in ka ce wasan kwamfuta abu biyu ake fahimta, ko ƙwallo ko harbi, kuma ma'aunin kyau ɗaya ne, hoto. Yaro zai zo shagonmu neman laftof tambayarsa ta farko itace zata ɗauki wasa mai nauyi? Ranar da ogana ya leƙo ya ga FTL a allona cewa yayi "kai kuma wannan wane irin zanen ƴan firamare ne kake ɓata lokaci a kai?" Ban ga laifinsa ba, don in ka kalle shi daga nesa jirgi ne aka zana daga sama kamar taswirar gida, ɗaki ɗaki, da ƴan mutane ƙanana kamar tururuwa suna yawo a ciki. Amma ni a ganina wannan ma'aunin namu na hoto ya cuce mu, ya hana mu ganin wasannin da suke sa mutum tunani na gaske, kuma FTL na cikin waɗanda suka fi kowa iya wannan, duk da cewa akwai wuraren da shi ma ya gaza kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye.

Cikakken sunansa FTL: Faster Than Light, ma'ana gudun da ya fi na haske. Ya fito a watan Satumba 2012, kuma mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Justin Ma da Matthew Davis, a ƙarƙashin ɗan kamfaninsu Subset Games. Sun taɓa aiki tare a wani kamfanin wasanni a Shanghai ta ƙasar Sin kafin su ajiye su kama nasu. Da kuɗi suka yanke musu sai suka nemi tallafin jama'a a shafin intanet na Kickstarter, dala 10,000 suka roƙa, aka tara musu sama da dala 200,000. A 2014 suka fitar da ƙarin da suka kira Advanced Edition, da sababbin makamai da na'urori da sabon jinsin halitta, kuma kyauta suka ba duk wanda ya riga ya sayi wasan. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu, don mun saba da wasannin waya da kowane mataki sai an ce ka sa kuɗi ko ka kalli talla.

Labarin ba shi da tsawo. Gwamnatin Tarayya ta taurari tana gab da faɗuwa a hannun ƴan tawaye, kai kuma kana ɗauke da wani bayanin sirri da zai iya ceto ta, sai ka ratsa shiyyoyi takwas ka isar da shi. Kowace shiyya tana da tashoshi barkatai, kana tsalle daga wannan zuwa waccan kowane tsalle yana cin mai guda ɗaya, a bayanka kuma rundunar ƴan tawaye na tahowa kamar ambaliya tana cinye taswirar daga hagu. In ka tsaya kwaɗayin leƙa kowace tasha zasu cim maka, in kuma ka yi ta gudu baka tsaya ka tara komai ba zaka isa gaba da jirgi mara ƙarfi a yi maka kaca-kaca.

Kuɗin wasan ma abin sha'awa ne, gwangwan ne, wato tarkacen ƙarfen jiragen da ka farfasa. Duk wanda ya san ƴan uwanmu masu sana'ar gwangwan da jari bola a Legas, masu tura baro suna bin unguwanni suna sayen tsohon ƙarfe da mataccen janareto, zai gane wannan tattalin arzikin nan take. Da gwangwan ɗin zaka sayi mai, da shi zaka gyara jikin jirgi, da shi zaka ɗauki sabon ma'aikaci, da shi zaka ƙara ƙarfin garkuwa, kuma bai taɓa isa ba.

Amma inda wasan ya kama ni da gaske shine maganar wuta. Jirginka yana da janareto guda ɗaya mai ƙayyadadden ƙarfi, an nuna shi da ƴan sanduna kore a gefen allo, kuma kusan komai daga nan yake sha, garkuwa, injin gudu, makamai, ɗakin magani, injin iska. Kowane layin garkuwa sanda biyu yake ci. Bindigar leza da jirgin farko, Kestrel, yake zuwa da ita mai harbi uku a jere itama sanda biyu. To in faɗa yayi zafi sai ka ga kana cire wuta daga ɗakin magani kana kaiwa injin don jirgi ya iya kaucewa harbi, wani lokacin har injin iska zaka kashe na ƴan daƙiƙu kana kallon kashin oksijin yana sauka kana addu'ar bindiga ta cika kafin mutanenka su fara shaƙewa. Duk ɗan Legas da ya taɓa zama da ƙaramin janareto ya san wannan lissafin a jikinsa, in zaka sa abin guga sai ka kashe firij, in fanka biyu na juyawa kar wanda ya kuskura ya jona hita. Mahaifiyarmu in ta zo daga gida bata taɓa gane dalilin da yasa muke ihu in an jona wani abu ba, amma mu mun san ƙarar da janareto yake yi in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai ma wasu tashoshi a cikin hazo da guguwa ke rage maka ƙarfin janareto zuwa rabi, kamar dai ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi kwan fitila yana ja kamar garwashi, a haka kuma zaka yi faɗa.

Kuma ba wasan saurin yatsa bane. Duk lokacin da ka so zaka danna dogon maɓallin nan na ƙasa komai ya tsaya cak, ka zauna ka yi nazari, ka ba kowa umarni, sannan ka sake shi. Wanda yake da sanyin hannu da wanda yake da zafin nama duk ɗaya suke a nan, kai ne kawai ke aiki. Wane ɗaki zaka fara harba a jirgin abokin gaba? Makamansa don ya daina dukanka, ko garkuwarsa don harbinka ya riƙa shiga, ko ɗakin matuƙi don ya kasa kaucewa? Makami mai linzami yana ratsa garkuwa kamar babu ita amma ƙidayayye ne, in ya ƙare ya ƙare. Leza bata ƙarewa amma kowane harbi layin garkuwa ɗaya yake cirewa, shi yasa dole ka haɗa bindigoginka su tashi lokaci guda, in ka bar kowacce tana harbi yadda ta ga dama garkuwar zata riƙa dawowa tsakanin harbi da harbi ka yi ta ɓarin wuta a banza. Na yi sati biyu ina wasan kafin na gane wannan, kuma ranar da na gane ji nayi kamar an buɗe min wata ƙofa.

Ma'aikatan jirgin ma jinsin halittu ne iri-iri, kowa da halinsa. Engi gwanayen gyara ne amma basu iya faɗa ba, Mantis kuma akasin haka, su kamar ƙoƙi-ƙoƙi suke, in suka diro cikin jirginka sai dai Allah ya kiyaye amma ka basu gyara su kwana a kai. Mutanen dutse wuta bata cin su sai dai nauyin jiki, Zoltan kuma jikinsu da kansa yana ba ɗakin da suke tsaye sandar wuta guda. Mutum takwas ne iyakar abin da jirgi zai ɗauka, kuma wanda ya daɗe a kan aiki ɗaya yana ƙwarewa, matuƙin da ya sha kauce wa harbi ya fi sabon shiga nesa ba kusa ba. Shi yasa mutuwar mutum ɗaya take da ciwo, don ba adadi kawai ka rasa ba, ka rasa wanda kuka taho tare tun shiyyar farko.

Sannan babbar dokar wasan, in jirginka ya fashe shikenan. Babu komawa baya inda ka ajiye, sai dai ka fara daga farko da sabuwar taswira. Zaka iya ajiye wasan ka fita in an kira sallah ko kwastoma ya shigo, ka dawo ka ci gaba, amma mutuwa ɗaya ce. Mutane da yawa wannan ne yake korarsu, ni kuma ina ganin shine ruhin abin gaba ɗaya, domin da ana iya komawa baya da babu wanda zai tsaya minti biyar yana tunani kafin ya tura makanike ɗakin da babu iska.

To amma fa wannan dokar alkawari ce tsakaninka da wasan. In zaka ƙwace min aikin awa biyu saboda kuskure, to ya zama kuskuren nawa ne, in iya nuna shi da yatsa in ce ga inda na ɓata. Kuma a gaskiya mafi yawan lokuta haka ne, in na zauna na duba sai in ga tun a shiyya ta uku na yi kwaɗayin sayen wata bindiga na bar garkuwa a layi ɗaya. Sai dai ba kullum ba, kuma a nan ne nake da ƙorafi mai ƙarfi.

Akwai tafiyar da zaka yi shiyya huɗu kana shiga kowane shago da ka gani baka samu makamin kirki ko ɗaya ba, gwangwan na hannunka amma babu abin saye, jiragen abokan gaba kuma suna ta ƙara layin garkuwa har ka kai inda harbinka baya ratsawa kwata-kwata. Me ka yi ba daidai ba a nan? Babu. Masu ƙwarewa zasu ce ai akwai dabara, ka koma tura mutane cikin jirginsu, ka yi kutse, ka yi kaza, kuma na yarda akwai waɗanda suke cin wasan sau da yawa a jere ko a mataki mafi wuya. Amma waɗannan na'urorin ma ai a shago ake samunsu, kuma shagon sa'a ce. Wanda ya yi awa ɗari biyar a wasan ya san yadda zai matse sa'a ta fito, sabon shiga kuwa abin da zai gani shine an kashe shi ba tare da an gaya masa laifinsa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shine wasu tambayoyin da ake jefo maka a tashoshi. Misalin da duk mai wasan ya sani, zaka iso wata tasha a ce maka wasu manyan gizo-gizo sun addabi mutane, zaka tura ma'aikatanka su taimaka ko zaka wuce? In ka tura, ko dai ka samu lada ko kuma kawai a rubuto maka cewa ɗaya daga cikin mutanenka ya mutu. Babu faɗan da zaka gwada iyawarka, babu dakatarwa, babu dabara, rubutu ne kawai. Wannan ai ƙuri'a ce. Kuma illarsa ita ce bayan ya faru da kai sau biyu darasin da zaka ɗauka shine kar ka ƙara taimakon kowa sai in kana da na'urar da zata buɗe maka zaɓi mai launin shuɗi wanda babu haɗari a cikinsa. Wasan da ya koya maka damuwa da mutanenka shi ne kuma yake koya maka ka toshe kunne in wasu na neman agaji, kuma ba don ya nuna maka wani abu mai zurfi ba, don kawai lissafin ya nuna wucewa ta fi riba. Ƙanena ranar da ya fara gani cewa yayi "Yaya ai wannan zalunci ne", ban iya kare wasan ba.

Sai kuma babban jirgin ƴan tawaye da ke jiranka a shiyya ta takwas. Sau uku zaka yi faɗa da shi. Karon farko yana da layar zana, yana ɓacewa ka kasa harbinsa alhali makamansa na cika, ga bindiga mai sakin makamai masu linzami uku a lokaci guda. Karo na biyu ya sako maka jirage marasa matuƙi kamar ƙudan zuma. Karo na uku ya zo da wata garkuwa ta daban a kan tasa, yana turo mayaƙa cikin jirginka, har ya juya tunanin ɗaya daga cikin mutanenka ya koma yana dukan ƴan uwansa. A matsayin faɗa yana da daɗi ba ƙarya, zuciya na bugawa. Matsalata da shi itace yana rage wa sauran wasan faɗi. Shiyyoyi bakwai ana ce maka gina jirginka yadda kake so, akwai jirage goma da tsari 28 daban-daban, ga hanyoyi iri-iri na cin faɗa, amma a ƙarshe jarabawa ɗaya ce tak kuma bata canzawa. Da zarar ka san shi, tun daga shiyyar farko ba jirgin da kake so kake ginawa ba, jirgin da zai iya da wancan kake ginawa, kana neman layar zana taka, kana neman abin kakkaɓo makamai masu linzami, kana neman abin da zai ratsa garkuwa huɗu. Wanda kuma bai sani ba zai iso da jirgin da ya yi masa aiki lafiya lau tun farko a murƙushe shi cikin minti biyu. Da sun yi manyan jirage ko da uku ne ana canzawa, da wasan ya ninka kansa.

Maimaici ma akwai shi, bayan ka yi tafiya talatin ko arba'in zaka fara haddace tambayoyin, kana ganin layin farko ka san ƙarshensa ka danna ba tare da ka karanta ba. Kuma buɗe wasu jiragen, musamman na mutanen lu'ulu'u, ta hanyar labarinsu yana buƙatar abubuwa uku su faɗo maka a jere a tafiya ɗaya, abin da zaka iya wata da watanni baka gani ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu a nan wanda masu sharhi na Turai ba zasu taɓa kawowa ba. Ta wani ɓangaren kamar don mu aka yi wasan, bai kai rabin giga ba, baya buƙatar intanet in ka riga ka sauke shi, kuma tsohuwar laftof ƴar Kwatano da ake sayarwa da arha a layinmu zata ɗauke shi ba tare da fankarta ta fara kuka ba. Amma babu shi a Android, kwamfuta ce kawai da iPad, alhali yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 abin da ke hannunsu waya ce. Kuɗinsa a Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, wajen dala goma ne, wanda ba ƙaramin abu bane in ka juya shi zuwa naira, kuma ni lokacin da na tashi saye katin bankina ƙin aiki yayi sai da na bi ta hannun wani abokin aiki mai katin dala. Sannan duk rubutu ne, babu murya, kuma Turancin ba na ƴan koyo bane. Ƙanena yana gane faɗan sarai, har ya fi ni saurin lura da inda gobara ta tashi, amma duk tambayar da ta fito sai na fassara masa, kuma rabin daɗin wasan yana cikin waɗannan labaran.

Wannan na ƙarshen shine yake ci min tuwo a ƙwarya, don ba laifin mutum biyun da suka yi wasan bane. A layinmu kaɗai akwai samarin Hausawa da zasu buɗe maka waya su canza abin da ido ma da ƙyar yake gani, akwai masu koyon rubuta manhaja da daddare bayan an tashi daga kasuwa. Wasa irin wannan baya buƙatar ɗaruruwan ma'aikata ko kwamfuta mai tsada, abin da yake buƙata shine tsari mai kyau da wanda ya san yadda ƙarancin abu yake sa mutum yanke shawara mai wuya, kuma wannan ilimin muna da shi fiye da kowa. Direban tirela da ke ɗauko shanu ko tumatir daga Arewa zuwa Legas, da man da zai ishe shi ko ba zai isa ba, da kayan da ke lalacewa in ya daɗe, da yaran mota biyu da amanarsu ke wuyansa, da zaɓin ko ya tsaya ya taimaki wanda motarsa ta mutu a daji da daddare ko ya wuce, wannan ai FTL ne sak, kuma da Hausa za'a rubuta tambayoyin.

Na faɗa wa ogana wannan maganar ranar Litinin muna buɗe shago, yayi shiru yana jera caja a gilas, can ya ce "to in an yi na tirelar ka kira ni in gani." Da yamma da kasuwa ta lafa na kunna laftof ɗin na fara sabuwar tafiya da jirgin Engi, sai gashi ya jawo kujera ya zauna a bayana, yana tambayata wai waɗannan sandunan koren na gefe na menene.